Kafin ka hau motar Birnin Kebbi ko Sakkwato: shawara ga mai ciwon suga a ƙasar Shanga

Mutumin Shanga, ko Dugu Tsoho, ko wata tunga a bakin ruwa, in malamin asibiti ya ce masa ciwonsa ya kai a je a ga babban likita, lissafin da ke fara zo masa na kuɗin mota ne. Hanyar dai ita ce wannan kwalta da ta taso daga Kontagora ta ratsa Yelwa, ta bi ta Koko har Jega, inda ta rabu biyu: ɗaya ta nufi Birnin Kebbi, ɗaya ta bi ta Tambuwal zuwa Sakkwato. Marar lafiya ba ya tafiya shi kaɗai, kuɗin motar na mutum biyu ne ke nan, zuwa da dawowa, ga makwanci, ga gwaje-gwaje, ga magani. Bayan duk wannan ɗawainiya, zaman da za a yi gaban likitan ba ya wuce ɗan lokaci, domin akwai layi a bayanka. Amfanin wannan ɗan zama kuwa ya rataya ne a kan abin da ka zo da shi a hannu. Wanda ya shiga da "jikina ne dai ba daɗi" zai fito da takardar gwaji da ranar dawowa, an ci kuɗin mota a banza. Wanda ya shiga da littafin awonsa da ledar magungunansa, a ranar za a yanke masa shawara.

A fara da tambayar ko tafiyar ma ta kama. Yawancin manyan da ciwon suga ya kama bayan shekara 40, waɗanda ƙwayar metformin da kula da abinci suka riƙe, ba su da bukatar Sakkwato. Babban Asibitin Yauri, ko na Koko, ko na Wara ga mutanen Ngaski, sun isa a auna su, a duba hawan jini, a sabunta magani. A nan ake tabbatar da ciwon ma tun farko: awon safe kafin a ci komai ya kai 7.0, ko kuma 126 a na'urar da ke ba da manyan lambobi, a kuma maimaita wata rana a sake samun haka. Lambobin biyu abu ɗaya suke faɗa, ninka ƙaramar sau 18 ka sami babbar. Ka san irin wadda na'urarka ke bayarwa, don an sha ganin mutum ya firgita da 110 alhali awonsa bai kai na ciwon ba, wani kuma ya yi murna da 15 alhali yana cikin haɗari.

Amma akwai waɗanda zama gida bai kamace su ba. Yaro ko matashi da ke shan ruwa ba ƙaƙƙautawa, yana fitsari dare da rana har kiyashi na taruwa a wurin, yana ramewa duk da cin da yake yi, wannan jikinsa ya daina yin insulin ne, kuma babu ƙwaya ko saiwar da za ta maye gurbin allura. In ya fara amai, ciki na ciwo, yana jan numfashi mai zurfi, yana gyangyaɗi, kada a tsaya neman motar birni. A kai shi asibiti mafi kusa a sa masa ruwa a fara insulin, maganar ƙwararre sai ya farfaɗo. Haka mai juna biyu da aka sami suga a jininta, ko wadda ta taɓa haihuwar jaririn da ya wuce kilo 4, ko ta sha rasa ciki a watannin ƙarshe. Ita ana so a yi mata gwajin musamman tsakanin mako na 24 da na 28. Sai wanda ya haɗa magani iri biyu wata da watanni suga bai sauka ba, da wanda suga ke yawan faɗuwar masa har ya fita hayyacinsa, da wanda ƙafa ta fara kumbura ko gani ya fara hazo, da mai gyambon da ya ƙi warkewa.

Likitan da ake tura waɗannan wurinsa ba na suga kaɗai ba ne. Fanninsa shi ne homon, sinadaran da wasu ƙananan gaɓoɓin jiki ke zubawa cikin jini su tafiyar da girma, haihuwa, zafin jiki da ƙarfinsa. Insulin ɗaya ne daga cikinsu. Don haka a layinsa za ka tarar da mai maƙoƙo, musamman wadda zuciyarta ke bugawa da sauri, hannu na rawa, tana jin zafi ko cikin hunturu, idanu sun firfito. Tun 1993 Nijeriya ta wajabta sa sinadarin aidin a gishirin ci, kuma maƙoƙon rashin aidin ya ragu ƙwarai, sai dai wanda ke tare da waɗannan alamu gishiri ba ya maganinsa, gwajin jini yake bukata da ƙwayar da ke rage aikin gaɓar da ta kumbura a wuyan. Za ka tarar da matar da al'adarta ta ɗauke, nono na fitar da ruwa ba ta goyo. Akwai kuma wadda nake roƙon dangi su lura da ita, domin a karkararmu da haihuwar gida ta yi yawa ana barin irinta shekara da shekaru: ta zubar da jini mai yawa wurin haihuwa, ruwan nono bai zo ba, al'ada ba ta sake dawowa ba, kullum kasala da jin sanyi, har a fara cewa iska ce ko sammu. Zubar jinin ce kan kashe wata 'yar gaɓa a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa wadda ke ba sauran umarni. Ƙwayoyin da ke mayar mata da abin da ta rasa suna nan, kuma ba su cikin masu tsada. Jaririn da aka kasa gane namiji ne ko mace shi ma a kai shi cikin kwanakin farko, kada kunya ta sa a ɓoye, domin wasunsu gishirin jikinsu ke zubewa, su galabaita kafin a yi arba'in.

To, tafiya ta kama. Kada ka tashi ba takarda. Manyan asibitoci, ko na tarayya da ke Birnin Kebbi wanda jama'a ke kira FMC har yau duk da an mayar da shi asibitin koyarwa, ko Asibitin Sir Yahaya, ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato, tsarinsu kusan ɗaya ne. Wanda ya zo haka kawai sashen kowa da kowa ake fara kai shi, ya yanki kati, ya ga likitan farko, shi kuma ya ba shi ranar ganin ƙwararre, mai yiwuwa bayan makonni. Takardar turawa daga likitan Yauri, mai ɗauke da awon da aka yi da maganin da aka gwada, tana rage wannan zagaye. Sannan kilinik ɗin suga ba kullum ake zamansa ba, rana ɗaya ce ko biyu a mako. Ka sa wanda ya rubuta maka takardar ya buga waya ya tabbatar da ranar, ya kuma ji ko likitoci na yajin aiki ko hutun gwamnati ya faɗa a kai. Ya tambayar maka har da ko akwai ƙwararren wannan fanni a Birnin Kebbi a lokacin, don likitoci na sauya wurin aiki. A Sakkwato sashen ya daɗe da kafuwa. Yara kuma sashensu daban ne da na manya.

A can Sakkwaton ne Anas Sabir da abokan aikinsa suka yi wani bincike da ya kamata mu riƙe. Sun auna Fulanin birni suka sami masu ciwon suga kashi 4.6 cikin 100, suka auna na karkara suka sami ƙasa da kashi 1. Jini ɗaya, zama daban. Wannan ya nuna cewa tafiyar ƙafa da aikin ƙarfi da abincin gargajiya kariya ce ta gaske, ya kuma nuna inda muka dosa yanzu da babur ya shiga kowace tunga, lemon kwalba ya shiga kowane shago, mai shayi na zuba suga da ludayi. Ƙungiyar ciwon suga ta duniya ta ƙiyasta a 2021 cewa manya miliyan 3.6 ne ke da ciwon a Nijeriya, kuma a Afirka fiye da rabin masu shi ba su san suna da shi ba.

Yanzu ga abin da na fi so a ɗauka. Mako biyu kafin tafiya, sayi littafin makaranta mai shafi 20. In kana da na'urar awo, auna da safe kafin karin kumallo, wasu ranakun kuma ka ƙara da awa 2 bayan tuwon dare. Rubuta rana, lokaci, lamba, da abin da ka ci. In ba ka da na'ura, je asibitin garinku ko wurin mai kemis da ka yarda da shi ko da sau biyu a mako. In boko bai samu ba, a rubuta da ajami, ko ɗanka ɗan makaranta ya riƙe littafin. Lambobin dai su fito. Rubuta ranar da ka ji rawar jiki da gumi da yunwa mai tsanani, da ranar da magani ya ƙare ba ka sami na saye ba. Wannan na ƙarshe mutane na jin nauyin faɗarsa, alhali ɓoye shi na da haɗari. Likita ya ga suga a sama, ya ɗauka kana shan maganin bai yi aiki ba, ya ninka maka, ranar da ka sami kuɗi ka sha duka sai suga ya faɗi warwas. Kada kuma ka gyara lambobi don likita ya yaba maka. Akwai gwajin da ake kira HbA1c wanda ke nuna yadda suga ya kasance wata 2 zuwa 3 da suka wuce, ba ya bukatar zama da yunwa, kuma yawancin manya ana so nasu ya tsaya wajen 7. Sai dai in kana da sikila, ko ƙarancin jini, ko an yi maka ƙarin jini kwanan nan, ka faɗa, don a irin wannan hali sakamakonsa na iya ruɗarwa.

Sai leda. Zuba duk abin da kake sha a ciki da kwalinsa, kada ka dogara da "wata 'yar fara ce ƙarama". Har da haɗin da mai kemis ke ƙulla wa masu ciwon jiki bayan aikin fadama, har da garin gargajiya, jiƙon shuwaka ko garahuni ko darbejiya, har da man shafawa. Dalili shi ne cikin irin wannan haɗi da ƙwayar ƙiba da ake kira sha-ka-fashe da wasu mayukan sa fari akwai dexamethasone ko danginsa, masu tayar da suga da hawan jini, su kumbura fuska, su sa fata ta yi laushi tana tsagewa. Wanda ya daɗe yana shan su kuma kada ya yanke rana ɗaya don ya karanta wannan shafi. Jiki ya saba, yankewa farat ɗaya na iya kayar da mutum. Likita ne zai rage masa kaɗan-kaɗan. Maganin gargajiya kuwa, ban ga laifin miyar shuwaka ko kwaɗon zogale ba, abinci ne mai kyau. Abin da ba na yarda da shi shi ne mai lasifika a kasuwa da ke cewa kwalba uku za su raba ka da ciwon har abada, a ajiye allura.

Akwai tarkon da matafiya daga nesa ke faɗawa. An ce ka zo ba ka ci komai ba saboda gwajin safe, wanda ke bukatar awa 8 ba abinci, ruwa kawai. Sai mutum ya tashi da asuba a Shanga, ya sha glibenclamide ko ya yi allurarsa kamar kullum, ya hau mota ciki wayam. Kafin a kai Jega gumi ya karyo masa. Ka tambayi malamin asibitinku tun kafin ranar yadda za ka yi da maganin safe. Galibi akan jinkirta mai saukar da suga har a ɗebi jini a ci abinci. Mafi kyau a tafi ana gobe kilinik, da rana tsaka, a kwana wurin dangi, wanda dama shi ne hankali a halin da hanyoyinmu ke ciki. Kuma ko yaushe a sami suga a aljihu. Awo ya yi ƙasa da 3.9, wato 70, ko alamun sun zo babu na'ura, a sha ƙaramin cokali 3 zuwa 4 na suga a ruwa, ko rabin kwalbar lemo, a jira minti 15, in bai dawo daidai ba a ƙara, sannan a ci abinci. Wanda ya suma ba a ɗura masa komai a baki, a kwantar da shi ta gefe a nufi asibiti. Masunci mai yin allura ya ƙulle sugansa a leda cikin jirgi, kada kuma ya fita jefa koma shi kaɗai, domin jiri a tudu faɗuwa ce kawai, a tsakiyar tafkin Kainji kuwa wani zance ne.

In ka shiga gaban likita, cire takalmi tun kafin ya ce. Ƙafa ce ke kai mutanenmu ɗakin tiyata. Suga da ya daɗe a sama yana kashe jijiyoyin ji, ƙafa ta yi dindiris, mutum ya taka ƙayar kifi ko ƙugiya ko kututturen shinkafa bai sani ba, ya wuni tsaye cikin ruwan fadama, sai wari ya sanar da shi. Don haka duk dare a wanke ƙafa, a share tsakanin yatsu, a duba tafin da fitila, wanda ba ya gani sosai matarsa ko ɗansa su duba masa. A shafa mai a kan faso amma ban da tsakanin yatsu. A zazzage takalmi kafin a sa. Kada a kai wa wanzami ƙafa ya yi sakiya ko ya kafa ƙaho, kada a fere kaushi da reza, kada a miƙa ta bakin wuta lokacin ɗari, tana iya ƙonewa ba a ji ba. Ciwo ya yi kwana biyu bai nuna alamar kamewa ba, ko ya yi ja ya kumbura, ko yatsa ya fara baƙi, wannan ba ya jiran ranar da aka rubuta a kati. Tsoron a yanke ƙafa ne ke hana mutane zuwa da wuri, jinkirin kuma shi ke jawo yankewar.

Ka nemi a duba maka bayan ido ko da kana gani garau, a gwada fitsari da jini don ƙoda, sau ɗaya a shekara. Ka nemi ganin mai ba da shawarar abinci, ka kuma yi masa zancen abin da ke tukunyar gidanku. An cusa wa mutane cewa mai suga sai alkama da acca, har magidanci ya sayar da geronsa ya sayi garin alkama mai tsada, alhali ita ma tana tayar da suga in an cika kwano. Yawan tuwon ake ragewa, a ƙara miyar ganye da wake da kifi, wanda Allah ya hore mana a wannan yanki. Zuma da dabino da rake da farau-farau mai suga duk lissafinsu ɗaya da sugan shayi.

Idan aka ce sai allura, kada gabanka ya faɗi. Jama'a na cewa wanda aka fara wa insulin ya kusa, abin da ke faruwa kuwa shi ne ana ƙin ta har sai ciwon ya gama ɓarna. Tun Janairun 1922 da aka fara yi wa wani yaro ɗan shekara 14 ita a Toronto ta ƙasar Kanada, mutane ke tsufa da ita. Kada ka bar asibitin sai nas ta sa ka ka yi da hannunka a gabanta. Dubi lambar da ke jikin kwalba da ta jikin sirinji, 100 da 100, ko 40 da 40. In ka ja insulin mai lamba 100 da sirinji mai lamba 40, ka yi wa kanka ninki biyu da rabi na abin da aka rubuta.

Rashin wuta ba hujjar ƙin allura ba ce. Kwalbar da ba a buɗe ba firji take so, a wurin da ba ya ƙanƙara, don wadda ta daskare ta lalace; ana iya roƙon ajiya a asibitin gari ko wurin mai firjin sola. Wadda ake amfani da ita kuwa, ƙungiyar likitoci ta MSF da Jami'ar Janeba sun wallafa bincike a 2021 bisa yanayin sansanin Dagahaley a Kenya, inda zafi ke kai-komo tsakanin digiri 25 da 37, suka tarar insulin ya riƙe ƙarfinsa har mako 4. Zafin bazararmu na wuce haka, don haka a koma ga randa. Dabarar tukunya cikin tukunya da Mohammed Bah Abba, malami a Jigawa, ya yaɗa har ya sami kyautar Rolex a 2000, ita ce daidai: ƙaramar tukunya cikin babba, jiƙaƙƙen yashi a tsakani, jiƙaƙƙen tsumma a sama, a ajiye a inuwa inda iska ke ratsawa. A sa kwalbar cikin roba mai murfi don kada ruwa ya taɓa bakinta, a rubuta ranar da aka buɗe ta. A mota kuma kada a ɗora ta gaban gilashi ko a jefa ta but.

Zancen kuɗi a yi shi a fili. Tun da darajar naira ta faɗi a 2023, kamfanoni irin su GSK da Sanofi suka sanar da daina sayar da magani kai tsaye a Nijeriya, farashi ya yi tashin da kowa ya ji a jikinsa. Gaya wa likita abin da za ka iya saye duk wata ba yankewa, ya zaɓa maka a cikin wannan iyaka, kuma wanda ake samu a Yelwa. Magani mai araha da ake sha kullum ya fi mai tsada da ake sha mako ɗaya a wata. Ka tambaya a asibitin garinku yadda ake rajista da KECHEMA, hukumar taimakekeniyar lafiya ta Jihar Kebbi, da irin magungunan da take ɗauka.

Kafin ka miƙe, roƙi likitan ya rubuta 'yar takarda zuwa ga wanda ya turo ka: sunan ciwon, maganin da adadinsa, awon da ake so a kai, da abin da in an gani a dawo da kai ba jira. Da ita likitan Yauri zai ci gaba da riƙonka, zuwa birni ya koma sau biyu ko uku a shekara maimakon duk wata. In da hali, a sa ɗaya daga cikin ranakun ta faɗo a Rajab ko farkon Sha'aban, don a zauna a kan maganar azumi: wa zai iya, wa shari'a ta ba uzuri, yadda za a juya lokutan magani tsakanin sahur da buɗa baki. Ƙa'idar da likitoci suka tsayar tare da shawarar malamai ita ce mai azumi ya ci gaba da awo da rana, ya kuma karya in lamba ta sauka ƙasa da 70 ko ta haura 300.